Najiba da Akwatin Maganin Hajiya Atine

Najiba Sule Gumel ta rasu ranar wata Talata a watan Maris da ya wuce, tana da shekara arba'in da ɗaya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Jijiya ce ta fashe a kanta da hantsi, tana tsaye a kicin ɗinta a garin Greenbelt na jihar Maryland, kafin motar asibiti ta isa da ita rai ya yi halinsa. Ta bar mijinta Kamal da 'ya'ya mata biyu. Masu zuwa ta'aziyya sun yi ta faɗin kirkinta, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai mafi yawansu ba su san aikin da take yi ba. In an tambaya sai a ce, "Aikin kwamfuta ne." Ya kamata a faɗi abin yadda yake, ko don 'ya'yanta su taso su sani.

A Gumel aka haife ta. Mahaifinta akwatunan ƙarfe yake ƙerawa, irin waɗanda ake kai 'yan makarantar kwana da su, ita kuma tun tana ƙarama take zana musu furanni da fenti. Daga nan ta karanci zane a Kaduna, ta auri Kamal, ya samu aikin injiniya a Maryland, suka taho. Shekara huɗu ta yi tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, tana yi musu wanka, tana ba su abinci. A nan ta ga yadda ƙwayar magani ke rikita tsoho: fara da safe, ja da rana, wata rabi, wata sai an ci abinci. Sai ta koma makaranta ta koyi tsara kayan amfani, wato yadda za a ƙera abu mutum ya iya aiki da shi ba tare da an tsaya a kansa ba. Da ta gama, wani ƙaramin kamfani a Silver Spring ya ɗauke ta. Su takwas ne kaf, a hawa na biyu, saman wani shagon kayan abincin Afirka.

Akwatin magani suke yi wa tsofaffi. Girmansa kamar burodi, da ɗakuna a ciki, da ɗan allo a gaba. In lokaci ya yi, sai a danna, ɗaki ɗaya ya buɗe. Cikin akwatin aikin Katung ne, wani injiniya ɗan Kafanchan mai yawan tsokana. Fuskar akwatin kuwa, abin da mutum zai gani ya taɓa, wannan na Najiba ne.

Da can, kowane samfurin gwaji sai ya ci mata mako biyu. Sai aka kawo musu manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ce wa AI. Za ta rubuta mata abin da take so da Turanci, allo mai manyan haruffa, maɓalli ɗaya a tsakiya, kafin shayi ya huce ta fito mata da abin da za a iya dannawa kamar na gaske. Najiba ba ta zuzuta abin ba, ba ta kuma ji tsoronsa ba. Cewa take, "Tela ne mai sauri, amma bai taɓa ganin mai rigar ba."

Da aka ba ta izinin yin na masu jin Hausa, sai ta ce wannan kam ba za ta bar wa na'ura ba, na mutanenta ne. Mako uku ta yi tana zana shi da hannunta, layi bayan layi. Kuma akwai wadda take tunawa tana zanen. Hajiya Atine ce, wata tsohuwa 'yar Haɗejia da ke zaune wurin ɗanta Haidar, bene biyu tsakaninsu da gidan Najiba. Lokacin da Najiba ta yi haihuwar fari mahaifiyarta ba ta samu biza ba, Hajiya Atine ce ta tsaya mata, ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa kwana arba'in. Tun daga nan Najiba take ce mata Inna. Inna tana da ciwon suga da hawan jini, ƙwaya sau uku a rana, ga Haidar da matarsa Asma suna fita aiki tun bakwai na safe.

Duk Asabar tsofaffin matan da 'ya'yansu suka kawo ƙasar suna haɗuwa a falon Hajiya Ɗija, wata Bakanuwa mai baki, su yi karatu, su sha kunun gyaɗa. Can Najiba ta kai aikinta. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ce ga abin da ta yi mako uku tana yi, tana so su duba. Su tara ne a ranar. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu.

"Masha Allah! Ke kika yi wannan?"

"Kai, wannan yarinya, Allah ya yi miki albarka."

"Inna, kin gane kuwa?" in ji Najiba.

"Me zai hana? Ai ya fito raɗau."

Najiba ta koma ofis ranar Litinin ta ce mutum tara sun gani, tara sun yaba. Aka sa fuskar a jikin akwati, aka kai wa Hajiya Atine ta gwada a gida.

Kwana na huɗu Haidar ya kira ta daga asibiti. Maƙwabciya ce ta tsinci Inna a ƙasa, gumi ya jiƙa ta, sugarta ta faɗi. Maganin sau biyu ta sha. Abin da ya faru shi ne, in mutum ya sha maganinsa, allon yakan nuna hoton ƙwaya da koren maki a gefe, wai alamar an gama. Inna ta ga hoton ƙwaya, ta ɗauka akwatin cewa yake ta sha, ta danna ya ƙi buɗewa, sai ta je kabad ta ɗauko kwalba ta ƙara.

Najiba ta zauna a bakin gadon, ta riƙe hannunta.

"Inna, ai na tambaye ki, kika ce kin gane."

"Yo 'yar nan, mako uku kina wahala. In buɗe baki a gaban mutane in ce ban gane ba? In kunyata ki?"

Najiba ta sunkuyar da kai. Ita ma da irin wannan tarbiyyar aka raine ta. Ba a kushe girkin mai gida, ba a kushe aikin hannun 'yar mutum a gabanta. Ta san haka sarai, amma murnar yabo ta mantar da ita.

Bayan mako guda Haidar ya same ta a wurin ajiye motoci. Mutum ne mai son uwarsa, idonsa duk ya faɗa.

"Yaya Najiba, ba laifinki nake gani ba. Na kulle kwalaben. Amma tun ranar ba ta ƙara taɓa akwatin nan ba, tsoronsa take ji. Sai na dawo in ba ta da hannuna, na rana ya wuce. Likita ya ce haka ba zai yiwu ba." Sannan ya ce, "Akwai wani gidan kula da tsofaffi a Annandale. Sun ce za su riƙe mana ɗaki zuwa ƙarshen Oktoba."

"Inna ta sani?"

"Ba ta ce komai ba. Amma jiya Asma ta gan ta tana ninke zannuwanta a jaka."

Najiba ta san irin gidajen nan, ta yi aiki kusa da su. Akwai tsabta, akwai kula. Amma babu mai jin Hausa ko ɗaya, babu jikoki masu shigowa da gudu daga makaranta, babu falon Hajiya Ɗija. Mako shida suka rage. Ta ce ya ba ta huɗu ta gyara, biyu a gwada. Kafin nan ita za ta riƙa dawowa daga ofis da rana ta ba Inna maganin. In Inna ta iya sha da kanta kwana goma sha huɗu ba kuskure, a bar ta a gida. Haidar ya amsa.

Matsalar ita ce ba ta san yadda za ta sa tsofaffin su faɗi gaskiya ba. Ta yi tunanin ta roƙe su, ta san za su ce to, su kuma yaba. Ta yi tunanin ta tura Katung, ta san baƙo ma kara za a yi masa. Juma'a ta zo ba ta zana komai ba, tana ta zirga-zirga tsakanin Silver Spring da Greenbelt. Don dai kada ta je hannu rabbana, sai ta sa manhajar ta haɗa mata samfuri uku a gurguje, ta zuba su a kwamfutar hannu.

Ranar Asabar ta shiga falon da kunya. Kowa ya san abin da ya sami Hajiya Atine, ba wanda ya tada maganar.

"Ku yi haƙuri, iyayena," in ji ta. "Waɗannan ba ni na zana ba, ban samu lokaci ba. Na'ura ce ta haɗa su."

Hajiya Ɗija ta ajiye kofinta. "Ba ke kika yi ba?"

"A'a, Hajiya."

"Shi abin, yana jin magana?"

"Ba ya ji."

"Ba shi da uwa a garin nan?"

Aka fashe da dariya. Najiba ta ce ba shi da kowa.

"To miƙo shi nan." Hajiya Ɗija ta gyara tabarau. "Shi wannan marar hankalin, wa ya gaya masa tsoho na ganin wannan rubutu kamar ƙafar tururuwa? Kuma mene ne wannan ƙugiyar a gefen ƙwaya?"

"Maki ne, Hajiya. Alamar an sha."

"Maki? Jarrabawa muka yi?"

Kamar an fasa tulu. Wata ta ce kore da shuɗi duk ɗaya take ganinsu tun da aka yi mata aikin ido. Wata ta ce ƙarar da yake yi irin ta na'urar gargaɗin gobara ce, in ta ji gabanta faɗuwa yake. Wata ta ce yatsanta ba ya kama gilashi, sai ta lasa. Hajiya Atine, da ke can gefe, ta leƙo ta ce, "Kuma ba shi da ladabi. Haka kawai a ce wa mutum sha magani, ba sallama ba gaisuwa, kamar ana kiran akuya."

Duk abin da suka kushe yana cikin wanda Najiba ta zana da hannunta, wanda suka yaba wata guda da ya wuce. Ta ji zafin abin, ba za a ce ba ta ji ba. Amma ba ta daina rubutawa ba. Ta koma kusurwa ta buɗe kwamfuta, ta gaya wa manhajar abin da aka ce, cikin minti goma ta kawo musu sabo. Suka sake rufe shi da faɗa. Kafin La'asar an yi samfuri bakwai. A ranar suka raɗa masa suna Gaggawa.

"Gaya wa Gaggawa ya ƙara girman maɓallin."

"Ce masa in ya sake sa kore, zan ci mutuncinsa."

Asabar ta biyu aka yi kuskuren da ya ci musu mako. Hajiya Ɗija ta ce su ba ruwansu da ƙarfe takwas ko ƙarfe biyu, a sa musu Asuba, Azahar, Magariba, yadda likita ke gaya musu a gida. Falon ya ɗauka gaba ɗaya. Najiba ma ta ji kamar an kunna mata fitila. Gaggawa bai ce komai ba, abin da aka ce ya yi, shi ya yi, har da ɗan hoton hasumiya mai kyau.

Ta kai wa Katung ranar Litinin tana fara'a. Ya duba, ya ɗaga kai.

"Hajiya Najiba, ni ba malami ba ne, amma in yi tambaya?"

"Yi, Fasto," in ji ta, tana tsokanarsa da yake Kirista ne.

"A watan Disamba, a ina kike sallar Magariba?"

"A nan ofis, kafin mu tashi."

"A watan Yuni fa?"

Nan take ta gano. A Yuni sai ta je gida, ta yi girki, yara sun ci, sannan rana ke faɗuwa. A Gumel, Magariba ba ta yin nisa da inda aka san ta. A nan kuwa lokacin sanyi kafin ƙarfe biyar take yi, lokacin zafi sai ta wuce takwas da rabi. Asuba ma haka take yawo. Maganin da ake so a ba shi tazara daidai ba zai bi wannan ba.

"Shekara goma sha uku ina sallah a ƙasar nan," in ji ta, "sai ɗan Kafanchan ne zai tuna min."

"Ai kusa da masallaci na girma. Ladan ne ke tashe mu zuwa coci."

Ta yi dariya, amma da ta shiga mota sai da ta yi kuka. Mako biyu sun tafi. Da ta je ba Inna maganin rana, ta ga jakar nan a bayan ƙofa, an zuge ta.

Ta yanke shawara agogo ya zauna a cikin akwatin inda Katung ya sa shi, amma kada a ga lamba ko ɗaya a fuska. Abu biyu kawai allon zai nuna: akwai magani, ko babu. Saura yadda za a nuna babu. Asabar ta uku Gaggawa ya kawo hoton hannu a ɗage, suka ce gaisuwa ce. Ya kawo jan gicciye, suka ce na asibiti ne. Ya bar allon baƙi ƙirin, suka ce ai sai mutum ya ɗauka ya lalace. Ana cikin haka Hajiya Atine ta shanye kununta, ta ɗauraye kwanon a kicin, ta dawo tana goge hannu.

"Ni ban ga abin wahala ba," in ji ta. "In an gama da kwano ai kife shi ake yi. Wa ke neman abinci a kifaffen kwano?"

Najiba ta rubuta wa manhajar. Ta zano musu wani abu kamar hular kwano ta soja. Ta sake, ta zano kamar kunkuru. Matan suka yi dariya har da riƙe ciki. Sai Najiba ta tashi ta ɗauko kwanon sha na Hajiya Ɗija, farin nan mai shuɗin baki da ta taho da shi daga Kano, ta ɗauki hotonsa a buɗe, ta ɗauke shi a kife, ta ba manhajar ta ce ta bi wannan. Da ya fito, ba wadda ta tambayi ma'anarsa.

Maganar gaisuwa ce ta rage. Muryar da manhajar ta yi da Hausa, Hajiya Ɗija ta ce kamar Bature mai mura. Sai aka tuna da Malam Yusha'u, wani dattijo a Silver Spring da ya yi shekara talatin yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo, muryar da matan suka sani tun suna ɗakunan mazajensu. Najiba ta je ta roƙe shi. Ya gyara zama kamar zai karanta labaran duniya, ya ce, "Salamu alaikum, Hajiya. Barka da rana. Lokacin magani ya yi." In an sha kuma ya ce, "Madalla. Allah ya ƙara lafiya." Maɓallin gilashi ma aka cire, Katung ya sa na roba babba, wanda in an danna ake jin ya shiga.

Ranar da aka mayar da akwatin, Hajiya Atine ta tsaya nesa da shi. Ƙarfe biyu allon ya haska, kwano a buɗe, Malam Yusha'u ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam," in ji ta. Ta gyara mayafi, ta matsa, ta danna.

Najiba ta daina zuwa da rana, don sharaɗin ke nan. Ta ce waɗannan kwanaki goma sha huɗu ba ta taɓa duba agogo irin nasu ba. Ƙarfe biyu na yi sai ta ajiye aiki ta zuba wa waya ido, Katung ya ce, "Ki ci abinci, Hajiya, kwanon ya kife." Akwatin yana ajiye bayanin duk lokacin da aka buɗe shi. Rana ta tara an makara da minti arba'in, Inna ta ce baƙi ta yi, ba za ta katse gaisuwa don Malam Yusha'u ba, ai shi ma ya san ya kamata. Likita ya ce wannan ba komai.

Lahadin ƙarshe, bayan Azahar, Najiba ta je gidan. Haidar ya zauna a teburin cin abinci yana bin bayanin kwana bayan kwana, Asma na tsaye a bayansa. Inna na kan darduma tana jan carbi kamar ba ita ake magana a kai ba. Da ya kai ƙarshe ya cire tabarau, ya shafa fuska.

"Inna, gobe zan kira su in ce su ba wani ɗakin."

"To," in ji ta. Ta ƙarasa carbinta. Sannan ta ce wa Asma, "In kin samu sarari ki fito min da zannuwan nan, duk sun yamutse."

Da Najiba za ta tafi, Inna ta rako ta bakin ƙofa. Akwai abin da ke cin Najiba a rai tun makonni, sai ta faɗa.

"Inna, akwai maganar da nake so in gyara. Gaggawan nan da kuke zagi, shi ke zanawa, gaskiya ne. Amma ni nake gaya masa abin da zai zana. Rabin shirmen nawa ne."

Hajiya Atine ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke kin ɗauka mu yara ne? Muna kallonki a kusurwa kina ta ƙwanƙwasa masa. Mun sani tun ranar farko." Ta gyara wa Najiba bakin mayafinta. "Amma ai shi muke zagi. Ke wa ya taɓa ki?"

Najiba ba ta ga fitowar akwatin zuwa kasuwa ba, wata biyar bayan wannan ta rasu. Kamfanin ya ɗauki hanyarta, yanzu duk wanda zai kai samfuri wurin tsofaffi, na kowace ƙabila, sai ya fara da cewa na'ura ce ta haɗa. Hajiya Atine na nan a Greenbelt, a ɗakinta mai kallon filin wasan yara. Ita ce ta yi wa Najiba wanka tare da Hajiya Ɗija, kuma ita ke yi wa 'ya'yan Najiba kitso duk Lahadi. Allah ya kai haske kabarin Najiba, ya raya abin da ta bari.